Zauren Magina: Motar kankare, 'yan Togo da gidan da ake odarsa daga China

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wannan karon saƙonni sun taru sosai, wasu a rubuce wasu kuma murya ce ta WhatsApp har ta minti tara, dan Allah a riƙa tausaya min, a sait, wato wurin aikin gini, nake wuni kuma tsakanin ƙarar janareta da ta miksa ko kiran sallah da ƙyar muke ji. Na tsinci guda shida da naga duk wuri ɗaya suke kewayawa, wato yadda kayan waje da injinan waje da mutanen waje suka cika harkar gini a garin nan na Ikko. Kamar kullum ba na sa suna, unguwa kawai.

TAMBAYA: Salam Injiniya, ni ɗan Jigawa ne shekarata 7 ina leburanci tsakanin Ajah da Sangotedo, haƙan fandisho, ɗaukar bulo, ranar zuba dekin, wato kankaren saman bene, kuma ɗaukar kwano. To wlh abun ya canza, satin da ya wuce muna ta murna za a zuba dekin a samu na cefane kawai sai ga mota mai juya kankare da wata mai dogon hanci tana harba shi sama, mu wajen talatin da aka saba ɗauka mutum shida aka ce su tsaya. Tayil da POP, wato farin adon silin, kuma oga yace sai 'yan Togo, manyan ayyuka 'yan China sun kwashe. Ni dai na fara tunanin tattara komatsaina in koma gida noma. Meye shawara? Daga Sangotedo.

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a guminka. Ba zan ɓoye maka ba, motar nan da ka gani ta zo kenan, kuma in da kai ne mai ginin kai ma ita za ka kira. Kankaren da ke cikinta a ma'aikata aka auna shi, siminti kaza yashi kaza tsakuwa kaza ruwa kaza, na farko da na ƙarshe duk ɗaya ne. Namu na kwano kuwa ka fi ni sani, da safe ana bin ƙa'ida kwano ɗaya na siminti biyu na yashi huɗu na tsakuwa, zuwa la'asar an gaji, mai miksa ya fara ƙara ruwa don abun ya yi saurin zuba, wanda aka zuba da hantsi ya riga ya fara kamawa kafin na yamma ya same shi, sai a samu gaɓa a tsakiyar dekin inda ruwa zai riƙa bi yana cin rodi a hankali. Mai gida da ya kashe miliyoyi ba zai so haka ba. Amma kwano bai mutu ba tukuna, lungunan Agege da Mushin da cikin Ikorodu akwai inda wannan motar ko da kuɗi ba za ta shiga ba, sai dai aikin zai riƙa raguwa ne kuɗinsa kuma ba zai taɓa tashi ba tunda kowa ya sauko daga tirela yau gobe zai iya ɗaukar kwano.

Maganar baƙi kuma, ai Legas tun fil azal da hannun baƙi aka gina ta. Ka je Titin Martins a cikin Eko ka kalli Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, aikin maginan da suka dawo daga Burazil ne bayan bauta, su suka shigo da irin wannan adon na filasta. Kamfanin Italiyawa na Cappa da D'Alberto tun 1932 yake ƙasar nan. Julius Berger na Jamus da Gadar Eko ya fara a 1965. Babban gidan wasan nan na Iganmu mai kama da hular soja 'yan Bulgeriya ne suka gina shi aka gama a 1976 saboda bikin FESTAC na 1977. Yanzu kuma zamanin China ne, kamfaninsu na CCECC ya yi layin dogon Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 da jirgin Marina zuwa Mile 2 da ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023, wani kamfanin nasu China Harbour kuma ya gina tashar jiragen ruwa ta Lekki da Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Abun da yasa suke cin irin wannan kwangilar ba wai sun fi kowa ƙarfi ba ne, da yawa daga ayyukan suna zuwa ne da bashin bankunan ƙasarsu a hannu ɗaya, injina da injiniyoyi a ɗaya hannun, gwamnatin da ba ta da kuɗi a ƙasa wa kake ganin za ta ba? Kai ba da su kake takara ba. Hasali ma a irin waɗannan sait ɗin yawancin masu aikin 'yan ƙasa ne.

Wanda ya kamata ka tsaya ka kalla da kyau shine ɗan Togo da ɗan Kwatano. Shima baƙo ne kamarka, a sait yake kwana kamarka, garin kwaki yake sha kamarka, ba shi da katafila ba shi da banki. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba shi damar shigowa ba biza, kuma mu Hausawa bakinmu bai kamata ya buɗe a kan wannan ba, mu da kakanninmu suka yi ta fataucin goro har Gwanja, yau ba garin kirki a Gana ko Togo da babu zango. Abun da ya fi mu dashi ɗaya ne, ya zauna a ƙarƙashin maigida shekara uku ko fiye yana koyo ba tare da ya gudu ba, sai da aka yaye shi da biki, irin wanda Yarbawa suke wa yaransu su ce an ba shi firidom. Shi yasa in ya ɗaura tayil za ka gara kwalba daga ƙofa zuwa bango ba ta yi tuntuɓe ba. Kuma kayan yanzu suna buƙatar hakan, tayil ɗin da ake yayi mai 60 da 60 ko 60 da 120 mai ƙyalli kusan ba ya shan ruwa sam, in ka ɗaura shi da kwaɓin siminti irin na da yadda aka saba bayan wata shida ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar ganga, sai da gam ɗinsa na musamman da cokali mai haƙora da 'yan robobin da ake sawa a tsakani. Wannan ba sihiri ba ne, koya ake.

Yanzu ka tambayi kanka, mutum shidan da aka bari ranar dekin su waye? Na tabbata mai riƙe foka ne, wato injin da ake tsomawa a kankare yana girgiza shi iska ta fita, da masu baje shi su daidaita, da mai lura da rodi kar a tattake shi, da kafintan da ke ƙasa yana duba katakon tallafi. Duk masu wani abu ne a hannu. Ciwonmu 'yan arewa a sait, kuma na daɗe ina faɗa har wasu suna jin haushina, shine mun riƙe gini a matsayin cirani. Da an ga hadari a gabas sai a ɗaure jaka a tafi shuka, a dawo bayan girbi a sake farawa daga shebur. Ba mai koya maka sana'a in ya san watan Yuni za ka ɓace. Na biyu girman kai, mutum yana shekara talatin yaga ba zai iya zama yaron wani ba balle ɗan Togon da bai kai shi shekaru ba. Ni da kake kira Injiniya wani tsohon birkila Bayarabe ne ya koya min ɗaure igiya da duba kusurwa, yana zagina da yarensu ina cewa yes sa, kuma har gobe ina masa addu'a.

To shawarata kar ka koma tukuna, in dai ba iyaye ne suka kira ka ba. Ka zaɓi abu ɗaya, tayil ko POP ko ɗaurin rodi ko aikin famfo ko haɗa sola, ka samu ƙwararre a sait ɗin da kake kace za ka riƙa masa kwaɓi da miƙo kaya a kan kuɗi kaɗan da sharaɗin ya bar ka ka taɓa aikin. Gonar ka ba ɗan'uwa ya noma maka damina biyu. Ka sayi tef naka na kanka ka iya karanta shi ta inci da ta milimita duka biyun, don zanen gini da milimita yake zuwa, birkilolinmu kuma da inci suke magana, wanda ya iya haɗa biyun nan shi ake mayarwa fomen, wato shugaban ma'aikatan sait. Wayar da kake kallon barkwanci da ita akwai bidiyon koyon duk waɗannan a YouTube. In hannunka ya faɗa sai ka nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka kuma riƙa sa kunne kan horon da ITF, hukumar horar da masu sana'a ta gwamnatin tarayya, take shiryawa, saboda manyan kamfanoni takarda suke fara tambaya kafin su kalli hannunka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina sana'ar kayan gwari a Mile 12, Allah ya hore min fili a wajen Ikorodu ina so in yi bene hawa ɗaya, ƙasa shaguna sama iyali. Yarona ya nuna min bidiyo a waya, a China ana naɗo gida kamar tabarma a kwantena a zo a buɗe shi cikin awa kaɗan, wani kuma inji ne yake zuba gida kamar mai matsa man goge baki. Yace birkiloli ɓata kuɗi ne mu yi oda kawai. Gaskiya ne?

AMSA: Alhaji Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga lafiya. Bidiyon ba ƙarya ba ne amma yaron naka yana yi wa rogo kallon kitse. Gaskiya ne a Wuhan lokacin korona a farkon 2020 an tsayar da asibiti mai gado 1,000 cikin kwana goma, kuma a 2015 wani kamfani a birnin Changsha ya haɗa bene mai hawa 57 cikin kwana 19. Abun da bidiyon ba ya nunawa shine watannin da aka yi a ma'aikata ana yanka ƙarfe ana haɗa bango da bene ɗaya bayan ɗaya, ranar da ka gani ranar ɗaurawa ce kawai, kamar a nuna maka ranar ɗaurin aure a ce a ranar aka haɗa lefe. Kuma suna da kuren, injin ɗaga kaya masu nauyi, da titi mai kyau da wutar da ba ta ɗaukewa. Inji mai zuba gida shima akwai shi, Dubai ta buɗe ofis da aka yi da shi a 2016, a Malawi ma an yi makaranta a 2021. Amma bango kawai yake zubawa. Fandisho, rufi, ƙofa, taga, wayarin, famfo, duk sai ɗan Adam, kuma kwaɓin da yake sha na musamman ne ba yashin bakin titi ba.

Gidan naɗi na kwantena kuwa yana da inda yake da amfani, ofishin sait, ɗakin maigadi, shago, masaukin ma'aikata na ɗan lokaci. Kafin ka yi oda ka lissafa kuɗin jirgi da na kwastan da na fito da shi daga tasha da motar da za ta kai shi Ikorodu da kuren da zai sauke, duk yawanci da dala ake lissafinsu, sannan ka tuna iskar Legas gishiri gare ta, ƙarfe mara kauri shekara kaɗan zai fara tsatsa daga gindi, rana ta buɗe kuma ciki ya zama tanda in ba a sa abun tare zafi mai kyau ba. In wani maƙale ya karye ba za ka same shi a kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin ba sai an sake oda. Kuma bene da shaguna a ƙasa, mutane da buhuna suna hawa suna sauka, ni ba zan ba ka shawarar sa iyalinka a irin wannan ba.

In sabon abu kake so wanda zai amfane ka da gaske, ga inda za ka sa kuɗin. Na farko gwajin ƙasa kafin a sa diga. Ikorodu wani wajen jar ƙasa ce mai ƙarfi wani wajen fadama ce da aka cike, fuloti biyu maƙwabta sai su bambanta, gwajin ne zai faɗa ko fandisho na yau da kullum ya isa ko sai an yi na shimfiɗa gaba ɗaya ko ma a kafa turaku zuwa ƙasa mai tauri kamar yadda ake yi a Lekki. Na biyu zane daga injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ba hoton gidan wani da birkila ya ɗauko a waya ba. Na uku izini daga LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jihar Legas, su kuma LASBCA masu sa ido kan gine-gine suna zuwa duba aiki mataki mataki, na san mutane suna ƙorafin ɗawainiyar amma ta fi a wayi gari a ga jan fenti a katanga. Jihar tana da ɗakin gwajin kayan gini, ana ɗiban kankarenka a 'yan akwatuna a matse shi da inji a kwana 7 da kwana 28 a ga ƙarfinsa, rodi ma ana ja a gani. Rodin nan ka sa ido sosai, a ce maka mai 16 ne ko mai 12 ka sa a auna kaurinsa a gabanka, akwai ramammu a kasuwa. A sa biskit, 'yan gutsattsarin kankaren da ke ɗaga rodi kar ya kwanta a kan katako, sannan bayan an zuba dekin a yi ta ba shi ruwa aƙalla sati guda. Duk wanda yake garin nan ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya tuna benen nan mai hawa 21 da ya zube a Titin Gerrard a Ikoyi, sama da mutum 40 suka rasu, da yawansu masu neman na abinci ne irin mai tambayar farko. A unguwar masu kuɗi kenan fa.

Yaron kuma kar ka gwale shi, tunda yana son harkar ka ɗora shi a kan lissafin kaya da ɗaukar hoton kowane mataki, zai kama ɓarayin siminti fiye da yadda kake zato.

TAMBAYA: Injiniya ni abun da ya ɗaure min kai, siminti a nan ƙasar ake yinsa, dutsen namu ne, masu kamfanin ma namu ne, to me ya haɗa shi da dala? Shekara uku ina tara kuɗin adashi in ƙarasa ɗakuna biyu, duk lokacin da na je sai an ce dala ta tashi. Daga wata uwar marayu, Idi-Araba.

AMSA: Hajiya Allah ya raya marayu ya ba ki ikon ƙarasawa. Tambayarki tana da kyau kuma rabin amsar ne kawai zai miki daɗi. Da can daga waje muke sayo yawancin siminti duk da akwai masana'anta a Nkalagu tun 1957 da Ewekoro tun 1960. Tsofaffin Apapa za su ba ki labarin 1975, lokacin da aka yi odar siminti fiye da hankali, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas wata da watanni ba wurin sauke kaya, ana biyan kuɗin jira, wani simintin ma a cikin jirgin ya daskare. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin cewa mai son lasisin shigo da siminti sai ya nuna yana kafa masana'anta a gida, daga nan aka samu irin su Obajana a Kogi da Ibese nan kusa damu a Ogun, wadda ita kaɗai tana iya yin tan miliyan 12 a shekara, BUA kuma tana Sakkwato da Okpella. Yau har fitar da shi ake zuwa maƙwabta.

To amma dutsen ne kawai namu kyauta. Sai an gasa shi a tanderu mai zafin da ya kai wajen digiri 1,450, da gas ko kwal, gas ɗin kuma ko na ƙasar nan ne da dala ake yanke farashinsa. Injinan daga waje suke, yawancin sababbin masana'antun kamfanin Sinoma na China ne ya harhaɗa su, duk abun da ya lalace sai an yi oda. Akwai wani farin dutse jifsom da ake haɗawa don kar siminti ya kama nan take, shima yawanci shigo da shi ake. Ga man tirela daga masana'anta zuwa Idi-Araba. Kin tuna kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, a watan ne buhu ya wuce naira 10,000 har gwamnati ta kira masu kamfanonin zama. Ko mallakar ma ta zama ta duniya, a Disambar 2024 kamfanin Holcim na Suwizalan ya sanar zai sayar da kasonsa na kamfanin simintin Lafarge ga Huaxin na China.

Ɗaya rabin kuma ra'ayina ne, kasuwar da kamfani uku, Dangote da BUA da Lafarge, suka riƙe kusan dukkanta ba a cika gaggawar sauke farashi ba ko dala ta sauko, dillalai ma suna ƙara nasu. Abun da zan ce miki, kar ki sayi siminti ki ajiye da sunan adana kuɗi, a damshin Legas wata biyu zuwa uku ya fara dunƙulewa. In adashi ya fito ki mayar dashi bulo mai kyau ko rodi ko kwanon rufi ki ajiye inda ruwa ba ya taɓawa, siminti kuma sai satin da za a yi aiki dashi.

TAMBAYA: Ni malamin makaranta ne a Agege. Duk wannan cigaban da ake magana ba wanda yake ambaton ginin ƙasa irin namu na gida. Ya zama kayan ƙauye kenan?

AMSA: Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Abun dariya shine yanzu Turawa ne suke ba ginin ƙasa lambar yabo mu kuma muna jin kunyarsa. Francis Kéré ɗan Burkina Faso da makarantar ginin ƙasa ya fara a ƙauyensu Gando, a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Kusa damu ma a Dandaji cikin jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, tsohon masallacin kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, an gama a 2018, kuma maginan garin ne suka yi aikin. Mu da muke da Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara tun ƙarni na 19, yau jikokinsa suna ɗaukar kwano a Ajah.

Sabon salon shine a tankaɗe jar ƙasa a sa mata siminti ɗan kaɗan a matse da inji, wani bulon ma yana da haƙoran da suke shiga juna ba sai an sa kwaɓi a kowane layi ba. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta NBRRI da ke da wurin gwaji a Ota ta daɗe tana aiki a kai. Ɗaki yana sanyi, siminti yana raguwa. Amma Legas ba Zariya ba ce, ruwan Yuni da Yuli ba wasa ba, sai an ɗaga gindin ginin da kankare sosai an kuma fito da bakin rufi ya rufe bango. A yankin Ota da Ikorodu inda jar ƙasa take kusa zai yi, a Lekki kuwa da yashi ne zalla sai ka sayo ƙasar da tifa, ribar ta tafi.

TAMBAYA: Wani ejan yace zai kai ni aikin gini Katar in biya shi miliyan biyu, albashi mai tsoka. In sayar da babur ɗina? Daga Alaba Rago.

AMSA: Kar ka sayar tukuna ɗan'uwa. A dokar Katar kamfanin da ya ɗauke ka shi ke biyan kuɗin ɗauka, ba kai ba, wannan kaɗai ya isa ka ja baya. Mafi ƙarancin albashi a can tun Maris na 2021 riyal 1,000 ne a wata, da 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai ba ka su ba, kuma lebura mara sana'a kusan nan yake tsayawa, sai ka lissafa wata nawa za ka yi kafin miliyan biyu ta dawo. Zafin wurin ya kai an hana aiki a rana daga 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tun daga Yuni har tsakiyar Satumba. Ka ce ejan ya nuna maka lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago, da takardar kwangila mai sunan kamfani da albashi a rubuce, kuma bizar ta zama ta aiki ba ta ziyara ba. In ya fara cewa ba ka yarda da Allah ba ne, ka ɗau hularka.

TAMBAYA: A Orile an sayar min da ƙofa an ce 'yar Turkiyya ce da tayil ɗan Sifen, maƙwabcina yace duk na China ne. Ya ake ganewa? Daga Obalende.

AMSA: Wataƙila maƙwabcinka yana da gaskiya, wataƙila ma tayil ɗin ko teku bai tsallako ba, akwai masana'antun 'yan China a jihar Ogun da suke yinsa, kuma wannan ba aibi ba ne in dai ba a karɓi kuɗin na Sifen a hannunka ba. China tana yin mai kyau tana yin na banza, gwargwadon abun da ɗan kasuwarmu ya je Guangzhou ko Foshan ya ce a yi masa. Ka juya bayan tayil ɗin, yawanci ana buga ƙasar da aka yi shi a jiki ba a kwali kawai ba, ka ɗiga ruwa a bayan ka gani in ya shanye nan da nan to ba mai ƙarfin ba ne, ka haɗa guda biyu fuska da fuska ka duba ko akwai wanda ya lanƙwashe. Ƙofa kuma ka ɗaga ta ka ji nauyi, ka danna tsakiyarta da babban yatsa, in ta lotsa kamar gwangwanin madara ka san inda aka dosa, ka duba maƙalai da makulli don su ne suke fara mutuwa. Tunda ka riga ka saya, ka shafa wa gindin ƙofar fentin hana tsatsa kafin a kafa ta, kuma ka ce wa mai wanke tsakar gida ya daina watsa mata ruwa.